"Ni" a Bakin Tauraro: Girman Kai da Nafsi a Ƙagaggun Labaranmu

Akwai wani mutum da ya daɗe yana yawo cikin ƙagaggun labaranmu na Hausa, yau a ba shi wannan suna, gobe a sake masa wani, amma rigarsa ɗaya ce. Ko dai Alhaji ne mai kuɗi, ko ɗan Alhaji da ya dawo daga karatu a Ingila, ko kuwa 'yar masu gida wadda ba ta gaida kowa. Tun a shafi na biyu marubuci zai sanar da mu cewa wannan mutum yana da girman kai, sa'an nan ya jero mana shaidu: ya ƙi amsa sallama, ya fallatsa wa almajiri ruwan kwata da mota, ya kira talaka matsiyaci. Kafin littafi ya kai rabi mun riga mun san makomarsa. In gobara ba ta cinye dukiyarsa ba, haɗarin mota zai kwantar da shi, ya zo yana hawaye yana neman gafarar wanda ya wulaƙanta. Mai karatu ya rufe littafi yana jin daɗi, domin ya tabbata shi ba haka yake ba.

Wannan jin daɗin ne ya sa muka ɗauki alƙalami. A ganinmu, littafin da ya fito don yaƙi da girman kai, ya kuma sallami mai karatu yana ganin ya fi wani, to ya ƙara wa ciwon ƙarfi ne. Abin da muke so mu nuna a wannan ɗan sharhi shi ne, malamanmu na zaure sun daɗe da sanin inda wannan ciwo yake ɓuya, wasu daga cikin marubutan farko ma sun hango wurin, amma yawancinmu a yau muna nemansa inda ba ya da wuyar gani.

Kafin mu shiga cikin littattafan ya kamata mu tsaya a kan kalmomi tukuna. 'Yan boko suna da wata kalma da suke yawan jefawa cikin zance, wato ego, sai ka ji an ce ita ce ta hana wane ba da haƙuri. Asalinta daga Latin ne, kuma ma'anarta ba ta wuce "ni" ba. Abin da ya ƙara yaɗa ta shi ne fassarar littattafan Sigmund Freud, likitan nan na ƙasar Ostiriya, wanda a 1923 ya fitar da littafin da ya kasa zuciyar ɗan Adam kashi uku. Shi da Jamusanci ya rubuta, kuma kalmar "ni" ta yau da kullum ya yi amfani da ita, masu mayar da aikinsa Ingilishi ne suka ɗauko ta Latin. A wurinsa wannan "ni" ɗin mai sasanci ne. Yana tsaye tsakanin sha'awa wadda ba ta san jira ba, da muryar iyaye da ta jama'a mai tsawatarwa, da kuma yadda duniya take a zahiri. Ke nan abu ne da ba a rayuwa sai da shi, ya kuma sha bamban da fankamar da ake nufi a zancen titi.

Bahaushe bai jira kowa ba a wannan fage. Ya raba aikin tsakanin kalmomi uku: kai, rai da zuciya. Dubi yadda "kai" ke sauya fuska gwargwadon abin da aka jingina masa. Son kai, ji da kai, ɗaga kai da girman kai duk abin ƙi ne. Amma kamun kai, dogaro da kai da sanin ciwon kai su ne abin da kowane uba yake roƙa wa ɗansa. Haka zalika "zuciya". In an ce wane ya bi son zuciya an kushe shi, in kuwa an ce yaron nan yana da zuciya an yabe shi, wato ba ya zaman jiran a ba shi. Zagi mafi ciwo da za a yi wa magidanci a kasuwa shi ne a ce zuciyarsa ta mutu. To amma shiga zawiya ka ji, a can karya zuciya shi ne babban aikin muridi, shekara da shekaru yana fama. Abin da kasuwa ke cewa a raya, zawiya na cewa a ladabtar, kuma mutum ɗaya ne yake zuwa wuraren biyu, da safe yana rumfa, da la'asar yana wazifa. Duk marubucin da yake neman rikicin da zai gina labari a kai, ga shi nan a ƙofar gidansa.

Malamai suna kiran abin nafsi, kuma daga Alƙur'ani suka ɗauko masa siffofi uku. Akwai ammara, mai yawan umurni da mugun aiki, a cikin Suratu Yusuf. Akwai lawwama, mai zargin kanta, a Suratul Ƙiyama. Akwai kuma muɗma'inna, wadda ta natsu, a Suratul Fajri. Sufaye sun faɗaɗa matakan har zuwa bakwai, amma ukun nan sun ishe mu. Abin lura a nan, ba mutane uku ake nufi ba. Rai ɗaya ne yake hawa yana sauka, yana iya wayar gari a natse ya kai azahar yana umurni da ɓarna. Duk yaron da ya buɗe Ahalari a makarantar zaure ya ci karo da wannan darasi tun a shafukan farko, kafin ma a kai ga hukuncin alwala, inda aka lissafa masa girman kai da jiji da kai da riya da son a ji da hassada cikin abubuwan da aka haramta, har da ganin cewa ya fi wani.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa Ihya'u kashi huɗu, ya ware kashi na uku sukutum ga abubuwan da ke halaka mutum, kuma a can ne ya yi wani bambanci da ya kamata kowane mai ƙaga labari ya riƙe. Kibru, wato girman kai, yana bukatar wani mutum na biyu wanda za a raina. Ujubu kuwa, wato mutum ya riƙa burge kansa, ba ya bukatar kowa, ko da mutum shi kaɗai ne a duniya zai iya kamuwa da shi. Ita kuma riya ta ƙofar ibada take shigowa, ba ta samun wurin zama sai a jikin aikin alheri. Kada mu manta, wanda ya fara cewa ya fi wani a cikin ƙissar da kowa ya sani ba attajiri ba ne, ba kuma mashayi ba ne, yana cikin masu bauta aka umurce shi da sujada ya ƙi. A tarihinmu na nan gida ma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi a shekarun farko ya nufi gabas, har ya yada zango a Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkami, kuma abin da ya kore shi son mulki da son dukiya ne da ya gani a cikin jama'arsu, su da suka fito gyara. Ashe masu tarbiyya a sahun farko na masallaci suke neman nafsi, mu kuwa marubuta muna nemansa a gidan giya da kujerar bayan Marsandi.

To, yaya marubutan farko suka yi? Bari mu koma ga littattafan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tun da har yanzu su ne ma'aunin da muke ɗora wa ɗalibai. Uku daga cikin biyar ɗin da suka yi nasara, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, tauraro ne da kansa yake ba da labarinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a al'ummar da ta ce yabon kai jahilci ne. Sarki ba ya faɗin ko shi wane ne, maroƙi ke faɗa. Wuraren da aka yarda mutum ya bugi ƙirji sanannu ne: ɗan dambe a fage, maharbi a bakin daji, ɗan tauri, sai kuma makaɗi irin Shata a Bakandamiyarsa. Saboda haka a ce malamin makaranta ya zauna ya cika littafi da "na yi, na ce, na tafi", dole ya nemi dabarar da zai ɗauki wannan "ni" ba tare da ta ƙone shi ba.

Abubakar Imam ya fi kowa iya dabarar, kuma yana ɗan shekara ashirin da biyu, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Ya ɗauki sunansa ya ba tauraron, Alhaji Imam, sa'an nan ya mai da shi mayaudari, mai wayon tsiya, wanda ba ya jin kunyar faɗin ƙaryar da ya shara. Tun daga dalilin tafiyar akwai abin dubawa. A baki, Alhaji ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki ne. Amma abin da ya tashe shi daga gida shi ne an kunyata Liman, mijin uwarsa, a gaban fada don ya ambaci ruwan. Wato neman magani da neman wanke sunan gida a jaka ɗaya suka tafi, kuma Imam bai tsaya ya rarrabe mana su ba. Haka mutane suke.

Sai kuma Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Mutane da yawa suna ɗaukar Zurƙe a matsayin abin dariya kawai, wanda aka sa don labari ya yi armashi, wasu kuma su tsaya a kan cewa Imam ya amfana da Maƙamatul Hariri wajen ƙera shi. Mu a ganinmu aikinsa ya wuce nan. Zurƙe shi ne madubin Alhaji. Duk garin da Alhaji ya shiga ya fara kumbura, sai Zurƙe ya ɓullo ya sace masa iska, shi ma in ya samu dama ya rama. Ɗauki wurin nan da Alhaji ya zauna a wani gari yana cin abinci da sunan malanta alhali bai iya karatu ba. Zurƙe, wanda ya yi karatun gaske, ya zo zai tona shi. Alhaji ya zana wata alama a ƙasa ya ce a karanta, Zurƙe ya kira sunan harafin da ya gani, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, mutanen gari suka duba suka ga lalle wata ne, aka kori mai ilimi aka bar jahili. Muna dariya, to amma wa muke wa dariyar? Alhaji yana ba da labarin ne da alfahari, yana jiran mu yaba wayonsa, mu kuwa muna yabawa, sai daga baya mu tuna mun goyi bayan ƙarya a kan gaskiya don kawai mai ƙaryar ne yake riƙe da zaren labari. Zurƙe ma ba tsarkakakke ba ne, abin da ya kai shi son a san ya fi wani karatu ne. Babu inda Imam ya tsaya ya yi mana wa'azi a kan ujubu, ya bar mu ne muka ɗanɗana shi a bakinmu.

Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam, bai yi wannan nisa ba. Kirari ne aka shimfiɗa shi ya zama littafi. Tsoho yana ba yara labarin yadda ya kara da Nasara, ya wuce gabas, ya shiga ƙasashen aljannu yana ta cin yaƙi, babu wani Zurƙe da zai ce masa ya isa. Muna iya fahimtar dalili, mutanen da aka ci da yaƙi shekara talatin kacal kafin nan suna bukatar wanda zai bugi ƙirji a madadinsu. Amma "ni" ɗin Ganɗoki ba ta da ciki, duk waje ce.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne kishiyar wannan, kuma a nan za mu faɗi abin da watakila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Littafi ne mai natsuwa, Hausarsa kamar ruwan randa. Umar yana zaune a Rauta cikin almajiransa yana ba da labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka bi da shi hamada har ƙasar Masar, ya girma a hannun Abdulkarim, ya zama malami. Sai dai tun daga shafin farko har na ƙarshe ransa a natse yake. Hassada tana nan a littafin, amma a jikin fadawan da suka yi wa Makau ƙulli har aka kore shi. Zafin rai yana nan, amma a jikin uwar Umar, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ta faɗa cikin bauta, ta gan shi a ƙarshe ta cika. Ita ce mai rai a littafin, domin ita ce muke ganin tana so, tana ƙi, tana kuskure. Shi kuwa Umar, yaron da aka raba da uwarsa aka mai da shi kaya, ba mu taɓa ganin daren da ya kwana yana ƙuna ba. An nuna mana muɗma'inna, an ɓoye mana hanyar da aka bi aka kai gare ta. Mai kare littafin zai ce ai malami a gaban almajirai ba ya tone cikinsa, kunya da kamun kai sun hana, kuma wannan magana ce mai ƙarfi. Duk da haka, ɗalibin da ya karanta zai fita da sha'awar zama kamar Umar ba tare da ya san da me Umar ya yi kokawa ba.

Wanda ya shiga inda malamai suke nuni, a ra'ayinmu, shi ne Jiki Magayi na John Tafida da East, ko da yake shi ba da bakin tauraro aka ba da shi ba. Abubakar saurayi ne da aka zalunta. Yana son Zainabu, Malam Shaihu mai dukiya ya shiga tsakani ya aure ta. Duk mai karatu yana bayan Abubakar, kuma da marubucin yau ne, da nan zai tsaya: talaka mai gaskiya, attajiri mai girman kai, sai a jira sakayya. Amma littafin ya bi Abubakar cikin daji, inda ya sha wuya yana neman asirin ramuwa, har abin da aka yi masa ya zama shi ne sunansa da sana'arsa da dalilin rayuwarsa. Da ya dawo kuwa, a kan wa ramuwar ta sauka? A kan Kyauta, yaron da ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi laifin. Yaro ya lalace ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. A wane shafi ne Abubakar ya tashi daga wanda aka zalunta ya koma azzalumi? Ba za ka iya sa yatsa ba, kuma wannan shi ne ƙarfin littafin. Nafsin wanda aka cuta ya fi na kowa wuyar kamawa, domin yana da hujja a hannu, kowa kuma yana ba shi gaskiya. Mu da muke koyar da adabi a sakandare mun san yadda aji ke rabuwa biyu in aka zo nan, kuma ba mu ga wani littafin da ke sa yara gardama irin wannan ba.

Da aka shigo zamanin da ake kira na Adabin Kasuwar Kano, Alhajin nan da muka fara da shi ya samu gindin zama. Ko a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, yana nan: Alhaji Abdu ya wulaƙanta Rabi da 'ya'yanta tara, ya auro Delu, ya kori uwargida, gobara ta cinye rumfarsa. In a nan littafin ya tsaya, da bai fi sauran ba. Abubuwa biyu suka fid da shi. Na farko, son kan Alhaji Abdu a ƙananan abubuwa aka nuna shi, a kuɗin cefanen da ba ya isa, a yadda yake gyara jikinsa gida na yunwa, abin da magidanci da yawa zai karanta ya ji an taɓa shi ko da bai mallaki rumfa ba. Na biyu shi ne ƙarshen. Rabi ta riga ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci, sai maza suka taru suka matsa mata ta koma gidan wanda ya kore ta. Marubuciyar ba ta ce mana wannan nasara ce ba. Ta bar mu da tambayar da kasuwa da zawiya suke ja a kanta: zuciyar da Rabi ta yi ta riƙe 'ya'yanta, ita ce kuma ake ce mata ta karya, to wace ce nafsi a ciki, wace ce mutunci? Kuma masu ce mata ta yi haƙuri, don Allah suke faɗa ko don sunan gidansu?

Yanzu bari mu juyo kan tauraron kirki, domin a nan gizo ke saƙar. A yawancin rubuce-rubucen da sababbin marubuta ke kawowa a duba, da waɗanda ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, in an gama zana mugu sai a zana kishiyarsa. Yarinya ce kyakkyawa, marainiya, mai haƙuri, mahaddaciya, ta fi kowa a aji, ta iya girki, ba ta taɓa ɗaga murya ba. Kishiya ta zage ta, ta yi murmushi. Uwar miji ta mare ta, ta ce Allah ya huci zuciyarki Hajiya. Ko kuwa saurayi ne talaka mai gaskiya wanda duk 'yan matan gari ke mutuwa a kansa shi bai ma lura ba. Wannan tauraro ba shi da ammara, saboda haka ba ya bukatar lawwama, bai taɓa zargin kansa ba don bai taɓa yin abin zargi ba. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, daga ina ya fito? Amsar ba ta da daɗi. Sau da yawa shi ne hoton da marubuci yake ɗauke da shi na kansa: wanda ba a fahimta ba, wanda aka raina, wanda wata rana duniya za ta zo ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Shi ya sa babin neman gafara yake yin tsawo haka, ana jero masu laifi ɗaya bayan ɗaya suna kuka. Marubuci ya kori girman kai daga jikin tauraro, ya dawo ta taga ya zauna a kujerar mai rubutu. Imam ya ba mayaudari sunansa ya bari a yi masa dariya, mu kuwa muna ɓoye sunanmu mu ba waliyyi halinmu.

Yanayin rubutun yau ya ƙara wa abin wuta. A da sai littafi ya fita kasuwa, a jira wasiƙu su zo ta gidan waya. Yanzu marubuciya na sakin shafi da daddare, kafin asuba masu karatu sun cika waya da yabo da tsinuwa ga muguwar kishiya, wasu har suna ba da umurnin irin azabar da za a yi mata. Wa zai iya sa tauraruwarsa ta yi hassada ko ta yi ƙarya a gaban irin wannan taro? Sai a ci gaba da wanke ta, ana ƙara wa muguwar baƙi.

Kada a ɗauka muna cewa ƙasƙantar da kai a rubuce shi ne magani. Mawaƙanmu na wa'azi sun saba rufe waƙa da ambaton sunansu tare da kiran kansu masu zunubi, masu ƙarancin sani, kuma a bakin na gari wannan gaskiya ce. Amma da ya zama al'ada, sai ga shi a gabatarwar littattafai mutum ya kira kansa ɗan ƙaramin ɗalibi a layi na farko, a layi na biyar ya gargaɗi mahassada, a shafi na gaba ya jera sunayen manyan da suka yaba masa. Ko wannan "mu" da muke ta faɗa tun farkon sharhin nan abar tuhuma ce. Malamai suna cewa "mu" don gudun "ni", sarakuna ma "mu" suke cewa, kuma daga waje ba a rarrabe su.

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye goma, cikinsu har da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci. Jerin yana da amfani a aji, amma marubucin da ya ɗauke shi ya zuba wa tauraronsa duka goman bai ƙagi mutum ba. Aikin mai labari yana farawa ne daga inda halayen suka fara cin juna, ko inda ɗaya daga cikinsu ya zama maɓoyar nafsi. Karamci yana iya zama hanyar mallake mutane. Haƙuri yana iya zama jiran ranar da za a ce ai na faɗa. Kunya tana iya zama tsoron kada a ga gazawa.

Alal misali, ga babin neman gafarar nan da muke so ƙwarai. A bar shi yadda yake, Alhaji ya karye, ya zo zauren Malam Sani, wanda ya taɓa kora daga aiki, ya durƙusa a gaban mutane. Malam Sani ya yi maza ya kama hannunsa ya ce, "Haba Alhaji, tashi don Allah, ai ni ban riƙe ka da komai ba, wallahi na yafe tun tuni." Jama'a suka yi ta sa albarka. Yawancinmu a nan za mu rubuta "Alhamdu lillahi" mu rufe. To a ƙara shafi ɗaya. A bi Malam Sani cikin gida bayan an watse, a gan shi yana alwalar magariba yana lissafa waɗanda suka halarta, yana jin haushin cewa Liman ya tashi kafin Alhaji ya durƙusa. A ji shi yana ba matarsa labari, ya maimaita maganar da ya yi har sau biyu, a karo na biyu ya ɗan gyara ta ta fi daɗi. Sa'an nan ya tayar da salla, a raka'a ta biyu abin ya faɗo masa, ya rasa ko ya karanta Fatiha.